Taku Takwas na Am Bayumi

A Izbat Fanar, inda kogin Nilu yake kawo gajiyarsa ya sauke wa teku, namiji ko dai ya shiga jirgi ya tafi kamun kifi, ko ya zauna a gidan shayi ya bayyana wa masu jirgi inda suka yi kuskure. Am Bayumi, wato Kawu Bayumi a bakin mutanen wurin, bai dace da ko ɗaya ba. Ran da ubansa ya fara ɗora shi a jirgi, tun ba a kwance igiya ba ya soma amai, bai daina ba sai da aka dawo da shi aka shimfiɗe a bakin gaɓa kamar kifin jiya. Zaman gidan shayi kuwa sai mai baki, shi kuma maganarsa ta yini guda ba ta cika cokali. Da uban ya ga ruwa ya ƙi shi, tudu ma bai san inda zai ajiye shi ba, sai ya ja hannunsa zuwa filin ƙwallon ƙungiyar Fanar ya damƙa shi ga tsohon da ke jan layi. Aka miƙa masa bokitin farar ƙasa, da igiya, da turke huɗu na ƙarfe. Shekararsa goma sha shida a lokacin. Yau yana da sittin da bakwai, bokitin yana nan, hannuwansa sun yi fari fat har gwiwa, sun gagari duk sabulun da Nabawiyya ta sayo.

Nabawiyya matarsa ce. Takan ce ran da aka zo neman aurenta ta leƙo ta taga ta ga farin hannun ango, ta ɗauka mai gidan burodi ne, har ta yi wa Allah godiya.

Aikinsa na Juma'a ne. Ana sallame asuba yake shiga filin, lokacin da tururin kogi bai gama tashi ba, ragogin nan biyu suna tsaye a cikinsa kamar jiragen da suka manta hanyar gida. Balbelu suna biye da shi, sun san shi, ba sa tashi. Ya kafa turke, ya ja igiya, ya bi ta da gwangwani mai huji yana zuba fari a kan kore. Igiyar tana da ƙulli saba'in da biyu, kowane ƙulli taku ɗaya. Faɗin filin ke nan kamar yadda tsohon ya bar masa, kuma haka ya ja shi shekara goma sha biyu ba ragi ba ƙari, har Allah ya kawo Kaftin Wagdi.

Kaftin Wagdi koci ne daga Alƙahira, gajere, mai rataya kwat a kafaɗa ba ya zura hannu, irin mazan da suke tafiya kamar ƙasa ta ci musu bashin gaisuwa. A shekararsa ta biyu ƙuri'ar gasar kofi ta haɗa Fanar da wata babbar ƙungiya ta Alƙahira, kuma a filin Fanar za a buga. Gari ya yi dariya ya ce ko ba a gwada ba linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Mutanen nan suna da 'yan gefe biyu, lamba bakwai da lamba sha ɗaya, waɗanda ake cewa inuwarsu ma ba ta kamo su.

Safiyar ranar wasan, Bayumi yana kafa turke sai ga Kaftin ya fito daga cikin tururi, taba a baki. Ya ratsa filin daga wannan gefe zuwa wancan, leɓɓansa suna motsi.

"Kai mai farin hannu. Faɗin nan taku nawa ne?"

"Saba'in da biyu, Kaftin."

"Doka ta yarda da sittin da huɗu. Cire huɗu ta nan, huɗu ta can. Kada kowa ya ji, har matarka. Ka bar shi haka sai ran da na ce ka buɗe."

Bayumi ya naɗe ƙulli takwas a jikin sandar igiya, ya kankare tsohon layi, ya ja sabo.

Waɗanda suka ga wasan nan har yau in suna ba da labarinsa sai sun miƙe tsaye. 'Yan gefen Alƙahira, da suka saba da fili kamar gonar gwamnati, sai su ɗauko gudu su ɗaga kai su ga sun fice waje da ƙwallo, alƙalin wasa yana hura musu usur. Ɗaya har ya faɗa kan kaskon mai gasa masara. Ana saura minti shida a tashi wani ɗan masunci mai kai kamar tulu ya sa wa ƙwallo goshi ta shiga ragar baƙi. Ɗaya da nema. Kwana uku ba jirgin da ya fita teku, mata suka ci wake ba kifi, ba wadda ta yi ƙorafi da ƙarfi.

Bayan mako biyu ƙungiyar da aka doke ta aiko mota baƙa mai sheƙi. Kaftin Wagdi ya shiga, kwat a kafaɗa, ya tafi ya zama kocinsu. Bai yi wa kowa sallama ba. Bai kuma ce a buɗe ba.

To, da mai hankali ne, da ya buɗe Juma'a mai zuwa. Amma Allah bai raba hankali da mudu ɗaya ba. Bayumi ya ce a ransa, an ce sai na ce, ba a ce sai na tafi ba. Ya bar shi sittin da huɗu. Shekara ta zagayo, wata ta bi ta. Fanar ta sauka rukuni na biyu, ta ga wurin bai yi mata ba, ta ƙara sauka na uku ta shimfiɗa tabarma. Koci talatin da ɗaya suka zo suka wuce, kowanne ya ɗauka haka Allah ya halicci filin. Igiya ta ruɓe sau biyar, sau biyar yana sayo sabuwa ya jera ta da tsohuwa ya ƙulla ƙulli saba'in da biyu daidai, sannan ya naɗe takwas ɗin nan a sanda ba su taɓa ciyawa ba.

Nabawiyya kuwa tun makon farko ta gane. Maza suna zaton mace ba ta kallon gindin bokiti. Ta ga ana samun ragowar farar ƙasa, abin da ba a taɓa yi ba, ta tsare shi da ido har ya faɗa. Ba ta gaya wa kowa ba, don ragowar ta yi mata amfani. Babu akurkin da ya kai nata fari a duk unguwar.

Taku huɗun da suka ragu tsakanin layi da katanga ba su zauna banza ba. Mai masara ya fara matso da kaskonsa, mai gasasshen dankali ya biyo shi, mai gidan shayi ya tsallako da kujeru shida. Ba wanda ya tambayi daga ina wannan sarari ya fito, yadda ba a tambayar asalin abin da aka samu kyauta. A nan Usta Gabir mai aski da Ustaz Milad, tsohon malamin taswira, suka kafa kujerunsu a gefen dama, suka kafa gardamar da ta girmi auren 'ya'yansu.

"Babbar ƙungiya," Ustaz Milad yakan ce, yatsa a sama kamar har yanzu allo yana bayansa, "ita ce wadda in an ambaci sunanta a Alƙahira wani zai ɓata fuska. An taɓa ɓata fuska saboda mu. Wa ya jawo? Kaftin Wagdi."

"Ya jawo, ya naɗe, ya hau mota," in ji Usta Gabir. "Ustaz, kai da ka shekara talatin kana nuna wa yara Brazil da sanda, nuna mini girmanmu. Me ke cikin kabad ɗin ofis ban da gizo-gizo?"

"Girma ba a kabad yake ba, jahili."

"A ina yake? Ƙarƙashin kujerarka?"

In an zo nan Bayumi yakan sunkuyar da kai ya yi kamar yana gyara turke.

"Kuma ka gaya mini," Usta Gabir ya ci gaba, "tun da mutumin nan ya tafi, garin nan ya haifi lamba bakwai ko guda? 'Yan baya muke haifa, masu ƙirji kamar ƙofar masallaci. Ya sa albarkar gefe a aljihun kwat ya gudu da ita, maci amana."

"Kifin gishiri ne. Yana sa cinya nauyi," in ji Ustaz Milad. " Na karanta."

"A ina? A takardar da aka naɗo maka shi?"

Haka dai, an bar jaki ana dukan taiki, jakin kuma yana tsugune taku biyu daga gare su da bokitinsa.

Shi Bayumi ya san inda lamba bakwai ya tafi. Yaro in ya tashi a matsattsen fili, kafaɗa yake koyo, ba gudu ba. Kuma tsohon layin bai mutu ba. In an yi ruwan hunturu, ciyawar da ke kansa takan fito da wani kore na daban, siriri, miƙaƙƙe, ya ratsa ta ƙarƙashin kujeru da kaskon masara har kwana. Ba mai ganinsa sai shi. Da asuba, in tururi ya yi kauri, yakan ga mutum biyu suna gudu a kansa, ɗaya dama ɗaya hagu, sirara, ƙafafunsu ba sa kakkaɓe raɓa. Ba su da fuska sosai. Ya san 'yan garin nan ne, an haife su, sun zo filin sun tarar ba wurinsu, suka juya. Wataƙila ɗaya yana tuƙa keke mai ƙafa uku a tasha, ɗaya yana wanke kwanuka a Italiya. Ba sa yi masa magana, ba sa kuma hararar sa. Gudu kawai suke yi, su kai kwana su narke. Shi kuma ya tsaya da gwangwani a hannu yana tambayar kansa, amana na riƙe ko kuwa wauta nake kiwo?

Amsar tana bakin mutum ɗaya. In Kaftin yana tune da maganarsa, to amana ce, a sauke masa ita ya huta. In ya manta tun a cikin motar nan mai sheƙi, to shekara talatin da takwas Bayumi ya yi yana gadin rijiyar da ba ruwa.

Bana aka ce za a shimfiɗa ciyawar roba, irin wadda take zuwa da layinta tun daga masana'anta, ba ta son bokiti ba ta son igiya. Ranar Asabar motoci za su shiga su kankare filin. Juma'a za a buga wasan ban kwana, kuma shugabannin ƙungiya, da yake ba abin da suke so kamar hoto, suka gayyato Kaftin Wagdi, wanda aka ce ya haura tamanin yana zaune wurin 'yarsa.

"Zai zo ranar Alhamis," Bayumi ya ce da Nabawiyya, yana kallon kwanon wakensa.

"Sai ka yi wanka ke nan. Baban Salwa, mutumin da ya bar garin nan bai ɗauki ko takalmin wankansa ba, shi zai tuna da kai?"

Ya ci gaba da juya wakensa.

"In bai tuna ba fa?" ta ƙara tambaya.

Ya gutsuri burodi ya riƙe bai kai baki ba. Ta dube shi, ta tura masa tasar man zaitun, abin da take yi ke nan in bakinta ya wuce inda ta aike shi.

Alhamis da la'asar mota ta tsaya a ƙofar fili, ba baƙa ba, ba mai sheƙi ba. 'Yarsa ta fito da shi a hankali. Ya ƙanƙance, kwat ɗin ya fi shi girma, amma yana kafaɗa, hannu bai shiga ba. Usta Gabir, wanda ya shekara talatin da takwas yana wasa reza da sunan mutumin nan, shi ya fara isa. Ya sumbaci kansa, ya ce, "Ka haskaka gari, Kaftin! Askinka na gobe a wuyana, wallahi ba ka biya." Ustaz Milad ya dube shi baki buɗe.

Aka jera ana gaisawa. Da aka zo kan Bayumi, Kaftin ya kama hannunsa ya girgiza ya saki, idonsa ya riga ya wuce kan na gaba. Yadda ake gaisa da mutane a wurin ta'aziyyar wanda ba a sani ba. Bayumi ya ja baya ya jingina da katanga. Ya ji irin jirin nan na ranar jirgi, ga shi kuwa a kan tudu.

Ana cikin jawabi, tsohon ya zame hannunsa daga na 'yarsa ya taka layin gefe. Ya tsaya. Sai ya soma ratsa filin, sanda tana gaba yana binta, leɓɓansa suna motsi. Mai jawabi ya yi shiru. Ya daɗe kafin ya kai wancan gefe, ya juyo fuska a murtuke, ya ɗaga sanda.

"Tamanin da uku! Wa ya buɗe mini fili? Ina mai farin hannun nan? Na ce maka sittin da huɗu sai ran da na ce ka buɗe!"

Bayumi bai san lokacin da ya bar jikin katanga ba. Cikin daɗi da haushi, mutumin da maganarsa ba ta cika cokali ya buɗe murya har bakin kogi.

"Ƙafarka ce ta tsufa, Kaftin, ba layina ba!"

Ya ɗauko igiya, ya kafa turke, ya ja ta har gaban tsohon. "Ƙirga." Kaftin ya bi ta da kan sanda, ƙulli bayan ƙulli, jama'a suna taya shi da baki ba su san abin da ake ƙirgawa ba. Sittin da huɗu, a kan layi cif. Bayumi ya ɗaga sandar igiyar ya nuna masa takwas ɗin da ke naɗe, farare tas, ba su san ƙasa ba.

Ustaz Milad ne ya fara ganewa, malami ai malami ne. Ya dubi layi, ya dubi katanga, ya dubi kujerarsa. Usta Gabir ya biyo shi a hankali.

"Tsaya, tsaya. Am Bayumi, wato duk shekarun nan a kan lamba bakwai nake zaune?"

"Kai kana kan bakwai," in ji Ustaz Milad. "Mai dankali yana kan sha ɗaya."

"Kifin gishiri, ko? Ka karanta!"

Kaftin bai ji su ba. Yana riƙe da igiyar yana murza ƙullin ƙarshe da babban yatsa. "Tun ranar?" ya ce. "Ba ka taɓa buɗewa ba?"

"Ba ka ce ba."

Tsohon ya yi wata dariya da ta koma tari, 'yarsa ta dafa masa baya. "A can na ce a matsar mini da benci daga rana, aka kafa kwamiti, aka kore ni bai gama zama ba. Nan na yi magana sau ɗaya da taba a bakina." Ya goge ido da hannun kwat ɗin da ke reto. "Yaya ma sunanka, ɗana?"

"Bayumi."

"Buɗe, Bayumi."

Usta Gabir ya ce wannan ya tabbatar da maganarsa, mutumin ya tafi da gefe. Ustaz Milad ya ce a'a, tasa ya tabbatar, girman yana ƙarƙashin kujera. Suka ɗauki kujerunsu suka fita suna yi, har yau ba su gama ba.

Juma'a da asuba Bayumi ya warware naɗin ƙulli takwas ɗin nan. Igiyar ta ƙi miƙewa a wurin, ta saba da naɗi, sai da ya taka ta. Bai ma buƙace ta ba, don ciyawa ta riƙe masa wurin. Ya bi siririn koren nan yana zuba fari, ta inda ƙafafun kujeru suka lotsa ƙasa, ta kan baƙin tabon kaskon masara, har kwana. Tururi ya yi kauri a safiyar. Ya duba dama, ya duba hagu, ya jira. Ba su zo ba. Balbelu ne kawai suke tafiya a sabon wurin, suna ɗaga ƙafa a hankali kamar baƙi a ɗakin amarya.

Da rana aka buga. 'Yan Fanar suka dunƙule a tsakiya kamar 'yan tsaki, sarari yana kwance dama da hagu ba wanda ya san na mene ne. Baƙi suka zura biyu tun kafin hutu. Kaftin ya yi barci a kujerar manya, sabon aski yana ƙyalli. Ana kusa da tashi, ƙwallo ta ɓace ta faɗa gaban wani ɗan baya, Sha'aban mai sayar da ƙanƙara a kasuwar kifi, ƙato mai 'ya'ya uku. Ya ɗaga kai don ya nemi wanda zai yi wa kafaɗa, bai ga kowa ba. Fili ne miƙe a gabansa har kwana. Ya ɗan yi jim, kamar wanda aka buɗe wa ƙofar gidan da ba nasa ba. Sai ya ruga. Ƙasa tana girgiza, tumbi yana gaba, farin layi yana bin ƙafarsa ta dama, jama'a suka miƙe tsaye ba wanda ya ce su miƙe. Ya kai kwana ya bugo ta da dukkan ƙarfinsa, ta haye raga, ta haye katanga, ta faɗa kogi.

Aka yi ta tafi kamar an ci kofi. Bayumi bai tafa ba. Idonsa yana kan sawun takalmin da ya rage a gefen layi, manya, masu zurfi, irin na mai nauyi.

Nabawiyya tana bakin ƙofa, zuwanta filin na farko ke nan tun aurensu. Ta karɓi bokitin daga hannunsa ta leƙa ciki, ta juya shi ta bubbuga gindinsa. Ko ƙura bai zubo ba.

"To, madalla," ta ce. "Kai an sauke maka. Kajina kuma wa zai yi musu bayani?"